Rediyo, data ko memori: ina mai son jin fiyano zai sa kuɗinshi?

Jama'a masu tambaya wace hanya ta fi in mutum na son ya fara sauraren manyan makaɗan fiyano irin su Rubinstein da Gould da Argerich, ga yadda nike ganin abin, kuma da yanayinmu na Sakkwato nike magana, inda wuta sai ta ga dama, ga zafi ga tsadar data.

Rediyon gida dai a cire shi cikin lissafi tun yanzu. Wagga ƙarama ta tsofaffinmu mai gajeren zango da anka saba kama BBC Hausa da DW don magana anka yi ta, sautinta bai cika wuce kilohaz 5 ba, ga shuuu ɗin iska yana zuwa yana komawa, duk garau-garau ɗin fiyano sai ya ɓace. FM ta kai kilohaz 15, sauti lafiya lau, amma tashoshinmu abin da jama'a ke so suke sawa, wa'azi da siyasa da waƙoƙinmu na gida. Kada ka sayi sabon rediyo don wanga kiɗi.

Rediyon intanet kam yana da amfani sosai. Akwai tashar WQXR ta New York, akwai France Musique, akwai Classic FM ta Ingila, da manhajar Radio Garden ma za ka iya laluben wasu. Daɗin rediyo shi ne wani ke zaɓar maka, kana kwance sai ka ji hannun da ba ka taɓa ji ba, in an ƙare mai gabatarwa ya faɗi sunan makaɗin ka yi maza ka rubuta. Tasha mai 128kbps na cin kamar MB 57 a awa, da sauƙi. Lokacin sanyi agogonmu ɗaya da Faransa, in sun shiga bazara su wuce mu da awa 1, don haka shirinsu na dare bayan Isha'i yake faɗo mana. Matsalar kawai ba ka iya maidowa baya, kuma netwok na iya tsinkewa daidai inda kiɗin ya yi daɗi.

Shi ya sa nike cewa rediyo na farauta ne, amma sanin makaɗi sai da rikodin da za ka maimaita. Ɗauki Glenn Gould mutumin Kanada, sau biyu ya yi rikodin Goldberg Variations, wani kiɗi da Bach ya tsara, a 1955 yana saurayi da kuma 1981, shekara guda kafin ya mutu. Na farko minti 38 da 'yan kai, gudu kamar ana korarshi, na biyu ya kai minti 51, a natse, har kana jin shi yana ɗan gunguni da baki yana bin kiɗin. Mutum ɗaya, takardar kiɗi ɗaya, amma wallahi in ka jera su sai ka rantse mutum biyu ne. Da irin wanga maimaici kunne ke buɗewa, kamar yadda tsohon da ya saba da kotso ke gane hannun makaɗi tun ba a buɗe baki ba.

To ina za a samo rikodin ɗin? YouTube kyauta ne kuma akwai abin kallo, gasar fiyano ta Chopin da ake yi a Warsaw duk shekara 5, wadda Martha Argerich ta ci a 1965, yanzu can ake sa ta, sai dai bidiyo na shan data, ka rage shi zuwa 360p. Spotify da Apple Music Classical na kuɗin wata ne amma kana iya saukewa ka ji ba data (na Apple ta cikin manhajar Apple Music ake saukewa), kuma na Apple da ya fito a 2023 ya fi sauƙin nema, don a nan kiɗi guda za ka tarar mutum ɗari sun kaɗa shi, sunan makaɗi kake bi. Memori kuwa shi ne nawa zaɓin, fayil mai 320kbps na cin MB 144 a awa, ke nan 32GB zai ɗauki sama da awa 200. A yi hattara da na jabu, ka sa a cika shi a gabanka a gani. Masu tura waƙa a kasuwa da wuya ka samu wanga wurinsu, da kanka za ka tara da datar dare. In ka ci karo da tsohon rikodin kamar na Schnabel, wanda ya fara yin rikodin sonata 32 na Beethoven duka a shekarun 1930, ka ji yana shuu, ba wayarka ba ce, haka yake.

Inda kuɗin ya kamata su tafi dai iyafis ne. Fiyano yana sauka ƙasa-ƙasa har kamar raɗa sannan ya tashi da ƙarfi, to fanka na juyawa janaretan maƙwabci na ruri, mi za ka ji da sifikar MP mai duma? Ita don biki anka yi ta. Babban hedifon mai rufe kunne yana da sauti amma a zafin Afrilu minti 10 gumi ya jiƙa ka. Ka nemi ƙarami mai roba da ke toshe kunne, mai waya, ba ruwanka da caji, sai dai ka duba ko wayarka na da ramin sa shi, in babu ka haɗa da adafta ta Type-C.

Kuma kada ka yarda mai shago ya gwada maka da waƙar da ke wayarshi. Ka tafi da Nocturne guda na Chopin da Rubinstein ya kaɗa, ka kashe bas, ka saurari hannun hagun makaɗin ko yana fitowa daban da na dama, ka ji ko sautin na mutuwa a hankali ko yankewa yake yi. In kana son gwaji na biyu ka sauke rikodin Ekele na Rebeca Omordia, wadda babanta ɗan Najeriya ne, ya fito a 2018 da kiɗan Ayo Bankole a ciki, iyafis mara kyau take sautinshi ke fara karkarwa a wuraren da ta danna da ƙarfi.