Niƙa ko gashi: me za a yi da ragowar zaren kabon?

Masu masana'antu suna yawan tambayar wace hanya ta fi, idan ragowar zaren kabon mai ƙaro ta taru, wato zare mai ƙarfi marar nauyi da ake daskarar da shi cikin ƙaro a ƙera kaya.

Niƙa ta fi arha. A daddatse ragowar, injin guduma ya mayar da ita gari, a zuba cikin sabon kwaɓin da za a matse a mazubi. Amma zaren ya gajarce, tsohon ƙaro na manne da shi. Idan garin ya wuce kusan kashi 10 cikin 100, kayan sai su yi rauni. Ga ƙura kuma: tana ɗaukar lantarki, tana ƙona injuna.

Gashi a tanderu marar iska, a zafin digiri 450 zuwa 600 na ma'aunin Celsius, yana cinye ƙaron ya bar zaren da mafi yawan ƙarfinsa. Sai an ɗan saki iska daga baya a cire gawayin da ya rage. In an wuce gona da iri, zaren ya yi gautsi. Abin da aka shafa wa zaren don ya kama roba ma yana tafiya, dole a sake shafa shi kafin a cuɗa zaren da robar nailan.

Mai neman ciko kawai, niƙa ta ishe shi. Mai kera sassan mota masu ɗaukar nauyi, kuma ragowarsa na da yawa, gashi ne nasa.