Raba Wayoyi ko Sa Mai Gadi: Wanne Ya Fi Tsare Kwamfutar Jirgin Sama?

Ɗaliban injiniya a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, su ne za su gaji gyaran jiragen da fasinja ke shiga intanet daga kujerarsa. To yaya za a hana ɗan kutse ya bi ta nan ya kai ga kwamfutar da ke tuƙa jirgin?

Hanya ta farko ita ce a raba intanet ɗin fasinja da kwamfutar tuƙi ɗungurungum, kowacce da wayoyinta, babu mahaɗa. Wannan ta fi kwantar min da hankali. Sai dai tana ƙara wa jirgi nauyi, kuma dole makaniki ya jona kwamfutarsa a jikin jirgin kafin ya sabunta manhaja. Idan kwamfutar tana ɗauke da cuta, shi ne ya shigo da ita da hannunsa.

Ta biyu kuwa a haɗa su, a sa na'ura a tsakani tana tace saƙo kamar mai gadi a bakin zaure. Amfaninta babba ne: tun jirgi bai sauka ba, ma'aikatan da ke ƙasa sun san abin da ke damun injin. Amma mai tacewar ma manhaja ce, mutum ya rubuta ta, kuma mutum kan yi kuskure. Shi ya sa a 2008 hukumar jiragen saman Amurka ta gindaya wa jirgin Boeing 787 sharaɗin tabbatar da cewa sashen fasinja ba zai taɓa na tuƙi ba.

Ni dai, a sashen tuƙi na fi son bayani ya riƙa fita kawai, kada komai ya shiga daga kujerun fasinja.