Riguna huɗu daga wani ƙaramin shago a Maraɗi, bayan wata shida a jikina

Da gangan na jinkirta wannan sharhi. Na sayi kayan tun watan Fabrairu, hazo bai gama janyewa ba, amma na ce ba zan yi musu shaida ba sai sun sha ruwa da sabulu, sun sha ranar Afrilu a kan igiya, sun hau kabu-kabu sun sauka. Yanzu ga mu tsakiyar damina, kowace riga ta nuna halinta.

Abin da ya kai ni shagon ba biki ba ne. Kayan biki ba su taɓa yi mana wuya a garin nan ba: shadda, leshi, atamfa, ko wane iri kike so Babbar Kasuwa ta ishe ki. Wahalar tana wajen kayan yau da kullum, rigar da za ki zura da safe ki tafi aiki, ki biya kasuwa, ki leƙa gaisuwar mara lafiya, ki dawo ba ki ji kamar an naɗe ki da bargo ba, kuma ba a gan ki kamar wadda ta fito daga wanke-wanke ba. Shekara da shekaru ina sayen yadi in kai wa tela, in yi ta sintiri, «dawo jibi» ta zama mako uku. Wata abokiyar aikina ce ta ce in gwada ɗinkakku a irin ƙananan shagunan da mata suke ta buɗewa cikin unguwanni, wajen Zariya da Ali Ɗan Sofo, waɗanda ƴan matan jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo suka fi kowa sanin ƙofarsu.

Wanda na shiga garejin mota ne aka gyara, aka sa masa ƙofar gilashi da fanka guda. Mai shagon mace ce mai matsakaicin shekaru, kowa Hajiya yake ce mata. Kayanta kashi uku ne: waɗanda take saro wa da kanta a Kantin Kwari na Kano, waɗanda ake turo mata daga Turkiyya da Dubai, sai kuma waɗanda telanta yake ɗinkawa a ɗakin baya.

Abin da ya fara saye zuciyata shi ne ta hana ni sayen rigar da na fara ɗauka. Wata doguwa ce mai sheƙi, ruwan zuma, na riga na ƙyalla ido a kanta tun daga bakin ƙofa. Ta karɓa, ta dunƙule gefenta a tafin hannu, ta saki, ko alamar yamutsa babu. Ta ce, «Ƙanwata, kin gani? Roba ce zalla. Wannan ta mai mota ce da ɗaki mai na'urar sanyi. Ke da kika ce a kan babur kike yini, kafin azahar za ta manne miki a baya.» Sai ta zare ɗan zare daga cikin ɗinkin, ta ƙyasta ashana. Zaren ya narke, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, yana warin leda. Ta zaro wani daga wata rigar, shi kuwa ya ci wuta ya zama toka mai laushi, da ƙaurin takarda. Ta ce wannan ita ce auduga. Na girma cikin tufafi, mahaifiyata ma ta yi sana'ar atamfa, amma ban taɓa ganin mai sayarwa ta yi wa mai saye wannan gwaji ba, balle a kan kayan da ta fi cin riba a kansu.

Rigar audugar nan ita na fara saya, jaka 12 (ga masu karatu daga Najeriya, jaka guda sefa 1,000 ce). Ɗinkin Turkiyya ce, ruwan ƙasa, ba ado ko kaɗan sai ƴan maɓallai a wuya. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ita ce kaɗai rigar da nake ɗokin ta bushe in sake sawa. Tana shan gumi, iska tana ratsa ta, kuma ba ta nuna jiki ko an tsaya a rana. Tana da aljihu biyu masu zurfi da waya take shigewa ta ɓace. Hannunta kuma mai faɗi ne da roba a wuyan hannu, ana iya naɗe shi har sama da gwiwar hannu. Wadda ba ta taɓa tsayawa gaban buta a wurin aiki tana kokawa da matsattsen hannun riga ba, lokacin salla yana wucewa, ba za ta san darajar wannan ba. Aibinta guda: tana son guga kowane wanki, kuma a watannin da wuta take yawan ɗaukewa sai na koma ga dutsen guga na gawayi.

Ta biyu bubu ce ta atamfa, ɗinkin telan shagon, jaka 9. Na roƙi a rage mata tsawo da yatsa huɗu don kada ta shiga ƙafar babur, aka yi mini nan take ina zaune, ba a ƙara ko dala ba. An yi mata kalmasa mai kyau ta ciki, har yau zare ɗaya bai fita ba.

Sauran biyun ne suka ba ni ciwon kai. Akwai riga da wando mai faɗi na wani yadi mai santsi da sanyi a jiki, wanda ake kira biskos, jaka 10. Ranar farko kamar ba ki sa komai ba don rashin nauyi. Wanki ɗaya wandon ya ɗage ya bar idon sawu a waje. Daga baya na fahimci halin yadin ke nan: yana raunana in ya jiƙe, yana tsukewa, ba ya son a murɗa shi ko a jiƙa shi ya daɗe. Hajiya ta san haka sarai, kuma da ta faɗa mini kamar yadda ta faɗi na robar, da na ɗauki wanda ya ɗara ni girma. Wannan na riƙe ta da shi.

Ta huɗu abaya ce shuɗiya mai duwatsu a hannu, jaka 15, mafi tsada a cikinsu. Duwatsun da gam aka manna su, ba ɗinki ba, sun fara zubewa tun mako na biyu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zuba. Ruwan farko na damina ya same ni a hanya, kafin in isa gida farin mayafina ya rine daga kafaɗa zuwa baya, kuma mayafin kyauta ce daga yayata. Na mayar da abayar washegari raina a ɓace. Ba ta yi gardama ba, ba ta ce laifin wankina ne ba. Ta jiƙa farin ƙyalle ta goga a cikin rigar, ya fito shuɗi, ta yi shiru, sannan ta ce, «Ki yi haƙuri don Allah, an cuce ni, ni ma na cuce ki ban sani ba.» Kuɗi dai ba ta mayar ba, ta ce ba ta yin haka, amma ta ba ni zaɓin wata rigar a madadinta, kuma a gabana ta sauke sauran abayoyi ukun daga rataye. Mayafin ya tafi ke nan.

Game da farashi, na tambaye ta dalilin da kayan Turkiyya suka yi tsada haka alhali na Kano suna da sauƙi. Bayaninta ya gamsar da ni. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da a da suke sauka Kwatano su shigo ta Gaya, da yawa yanzu sai ta Lome, su ratsa Burkina Faso, hanya ta ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru. Ta ɓangaren Najeriya kuwa naira ta faɗi, sefa ta yi ƙarfi a kanta, Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, don haka mai sefa a hannu in ta bi ta Ɗan Isa da Jibiya ta isa Kano, sari yana yi mata daɗi. Duk da haka ban ji daɗin rashin rubuta farashi a jikin kaya ba. Na ga an faɗa wa wata baƙuwa kuɗin da ya ɗara wanda aka faɗa mini da jaka 2 a kan riga iri ɗaya. Ciniki al'adarmu ce, na sani, amma shagon da ya sa ƙofar gilashi ya kamata ya sa takardar farashi.

Wurin gwaji labule ne kawai a lungu, madubin kuma yana waje, dole ki fito gaban mutane kafin ki ga kanki. Hotunan da take sawa a WhatsApp sun fi kayan haske, kada ki tura kuɗi ta Nita a kan hoto, ki je ki taɓa da hannunki. Masu jiki kuma an bar su a baya: na kai yayata, muka juye shagon kaf, ba ta samu ɗinkakkiya ko ɗaya da ta shige ta ba sai dai a auna ta a ɗinka.

Zan koma, amma na san abin da zan saya: auduga, da ɗinkin telanta. Duk wani mai duwatsu ko launi mai duhu sai na goga masa jiƙaƙƙen ƙyalle tukuna. Makon jiya na biya na ba ta jaka 5 kafin alƙalami, ta ajiye mini irin rigar nan ruwan ƙasa guda biyu in kaya sun iso, ɗaya tawa, ɗaya kuma in ta samu babba, ta yayata.