HP 1662A: lojik analaiza ta da, ko ta isa gyaran tsoffin kwamfutoci?

Masu gyaran irin su ZX Spectrum da Commodore 64 da Apple II sun san yadda abin yake, ka kunna kwamfuta wuta ta shiga, boltej daidai, amma allo baƙi ƙirin. Osiloskof zai nuna maka agogo na bugawa, amma ba zai gaya maka inda farosesa ta ɓata hanya ba. Nan ne lojik analaiza, na'urar da ke ɗaukar siginar layuka da yawa a lokaci guda ta nuna su, ke shigowa, kuma ni dai HP 1662A nake amfani da ita.

Mu fara da lissafin layuka tunda shi ne gaba da komai. Z80, farosesar da ke cikin Spectrum, na da layin adireshi 16, na data 8, ga layukan sarrafawa irin su MREQ da IORQ da RD da WR da M1, ka ga mun kusa 30 kenan. To ƴar ƙaramar lojik analaizar nan ta USB mai layi 8 da ake haɗawa da manhajar PulseView, wallahi tana da amfani kuma ga araha, amma kamar leƙen ɗaki ne ta ramin makulli. 1662A layi 68 gare ta, yayarta 1660A kuma 136, ni ban ga abin da mai gyaran 8-bit zai yi da 136 ba sai dai in alfahari yake so.

Abin da ya fi burge ni shi ne tana iya ɗaukar samfur da bugun farosesar kanta maimakon nata agogon, sai ka sa mata tiriga, wato sharaɗin da take jira kafin ta kama bayanai, a adireshi 0000 inda Z80 ke farawa bayan risat, ka danna Run, ka kunna Spectrum ɗin, sai ga jerin adireshi da data suna saukowa layi-layi, ka ɗauko abin da ya kamata a ce yana cikin ROM ka gwada. In bit ɗaya ya maƙale a 1 tun daga sama har ƙasa ai ka kama ɓarawon. In kuma ka loda mata manhajar da ke juya lambobin zuwa umarnin asembuli to har JP da LD za ka karanta kai tsaye. Gudu kuwa ba matsala, tana kaiwa 100MHz a wannan yanayin, Spectrum kuma 3.5MHz take yi.

Inda take da rauni shi ne ƙwaƙwalwa, samfur 4K kacal kowane layi, dole ka iya saita tiriga da kyau in ba haka ba abin da kake nema ya wuce. Ga ƙarar fanka, ga cin wuri a tebur.

Cikin sauran lojik analaiza na HP, me ya sa ba 1650 ba, tunda ta fi araha? Sai da filofi take tashi, in faifan ya lalace ko diraif ɗin ya mutu ka sayi ado, kuma 1K ce ƙwaƙwalwarta. 16500 kuwa babbar gaske ce, mai allon taɓawa da gurbin kati 5, amma nauyinta kaɗai zai sa kuɗin jirgi ya fi kuɗin kaya. 16700 da ke tafiya kan babbar manhajar HP-UX ta wuce buƙatata.

Yanzu ga maganar da nake so a riƙe, kar ka sayi akwatin da ba igiyoyinsa na haɗawa da kwamfutar da ake gyarawa. Kowace igiya layin data 16 take ɗauka da na agogo 1, kuma wayoyin bakinta ba waya ce zalla ba, akwai ƴan resisto da kafasito a ciki, ga ƴan ƙugiyoyin da ke kama ƙafar IC. Dillalai da yawa sukan ware su su sayar daban, sai ka ga injin ya yi arha ka yi murna, daga baya kuɗin igiya ya ninka nasa. Ka ce a turo maka hoton injin a kunne ya gama gwajin kansa, da igiyoyin a shimfiɗe ka ƙirga da idonka.

In daga Amurka ta taso, duba bayanta ka tabbatar ba a 115V aka bar ta ba kafin ka soka a soket ɗinmu na 230V.