Sharhi kan rumfar inuwa ta yadin roba: yadin ya yi kyau, igiyarsa ce ba ta isa ba

Daga cikin hanyoyin samar da inuwa a farfajiyar gida ko a gaban baranda, rumfar yadi da ake ɗaurewa ta kusurwoyinta ita ce ta fi ɗaukar ido a hoto, kuma ita ce ta fi ruɗin mai saye game da sauƙin kafawa. Wadda wannan sharhi ya shafa ita ce irin da ake saƙawa da zaren roba mai suna HDPE, mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita 3.6, wadda ke zuwa a naɗe cikin jaka da zoben ƙarfe a kowace kusurwa da guntayen igiyoyi. Irin wannan rumfa ta yi kasuwa sosai a Ostireliya, inda ake yawan ganinta a saman wuraren wasan yara da bakin wuraren ninkaya.

Game da yadin kansa babu abin kushewa. Saƙa ce mai ƙananan ramuka, ba tamfol ba, don haka iska mai zafi tana samun hanyar ficewa ta sama, ba ta taruwa a kan wanda ke zaune kamar yadda take yi a ƙarƙashin rufin kwano. Masu ƙera irinsa kan rubuta cewa yana tare kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na hasken rana mai ƙona fata, gwargwadon kaurin saƙar da launinta. Idan aka ɗaga shi aka dubi rana ta cikinsa, za a ga ɗigo-ɗigon haske, kuma inuwar da yake saukarwa a kan daɓe ba baƙa ƙirin ba ce, tana da ɗan haske mai laushi wanda ke barin mutum ya karanta takarda ba tare da ya runtse ido ba. Abin da ya kamata a duba a jikin jakar shi ne nauyin yadin: na giram 160 zuwa 185 a kowace murabba'in mita ya fi saurin saki, wanda ya haura giram 300 kuwa ya fi riƙe siffarsa. Launi mai duhu ya fi kashe ƙyallin rana, mai haske kuma ya fi barin wurin a sarari, musamman idan akwai tagar ɗaki a kusa da ba a so ta yi duhu.

Ruwan sama yana ratsa shi. Yayyafi kan sauko kamar feshi, mamako kuwa yana jiƙa matasan kujeru sharkaf. Akwai wani nau'i na yadin foliyesta mai rufin da ruwa ba ya shiga, amma shi yana riƙe zafi, kuma sai an karkata shi da wajen digiri 20, in ba haka ba ruwa zai taru a tsakiyarsa ya yi tumbi.

Girman inuwar ma bai kai yadda lambar da ke jikin jakar ke sa mutum zato ba. Gefunan yadin a lanƙwashe suke zuwa ciki, kuma da gangan aka yanka su haka, domin idan an ja kusurwoyi ƙarfin ya watsu har tsakiya. Sai dai wannan lanƙwasa tana cinye wani yanki na inuwar a kowane gefe. A nan ne nake ganin mai kusurwa uku ba ta biyan bukata. Mai kusurwa uku da kowane gefenta ya kai mita 3.6 ba ta rufe fiye da murabba'in mita 5.6 ba, alhali mai kusurwa huɗu ta wannan tsawo tana kusan 13, kuma wannan lissafi ne tun kafin a cire lanƙwasar. Tebur da kujeru huɗu ba za su samu inuwa a lokaci guda a ƙarƙashin ta farkon ba.

Babban aibin kayan yana wajen ɗauri. Igiyoyin da ake haɗowa da su sirara ne, suna miƙewa da zafin rana, kuma da zarar sun saki sai yadin ya fara kaɗawa da iska yana fizgar zobbansa, wanda shi ne ke tsinka ɗinkin kusurwa tun yadin bai tsufa ba. Rumfar tana bukatar a ja ta tamau kamar fatar ganga, abin da igiya da hannu ba za su iya ba. Dole ne a sayi ƙarfen nan mai ƙugiya biyu da ake murɗa tsakiyarsa yana ƙara ɗaurewa, kuma ya zama ƙarfe marar tsatsa. Mai lamba 316 ya fi mai lamba 304 jure danshi da iskar bakin teku. Sannan a bar tazarar kusan santimita 30 tsakanin kowace kusurwa da maɗaurinta domin wannan ƙarfe ya samu wurin aiki. Maɗaurin kuwa ya shiga cikin kankare ko ginin da ba shi da rami a ciki, domin bulo mai rami da katakon bakin rufi ba sa ɗaukar wannan ja, ga shi kuma idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take dannawa kan yadin ninkawa yake yi sau huɗu. Inda babu bango, ana kafa dirkar ƙarfe, a binne kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a kankare, a ɗan karkata kanta zuwa waje da wajen digiri 5. Takardar bayanin da ke cikin jakar ta wuce wannan duka da zane guda, kuma a ganina wannan rashin adalci ne ga mai saye, tunda aikin maɗaurai kan iya fin yadin tsada.

Ta fuskar ado, rumfar ta fi kyau idan ba a shimfiɗa ta a kwance ba. A ɗaga kusurwoyi biyu masu kallon juna ta tsakiya, a sauke sauran biyun, sai yadin ya murɗe ya yi siffa mai motsi, ya kuma daina tumbi. Ya kamata ɗaya daga cikin kusurwoyin da aka sauke ta fuskanci yamma, saboda ranar la'asar ta gefe take shigowa, kuma inuwar da ke kan kujeru da tsakar rana takan gudu zuwa gabas a daidai lokacin da ake son zama. Shi ya sa ya fi dacewa a lura da tafiyar inuwar kafin a ajiye manyan tukwanen shuke-shuke, waɗanda jan su daga baya aiki ne. Fitilun ado a rataye su a kan wayarsu daban, kada a ɗora wa yadin nauyinsu. Wuta kuwa a nisanta ta gaba ɗaya, domin wannan roba tana narkewa a wajen digiri 130 na ma'aunin Salshiyos.

Wankinsa ruwa ne da sabulu mai sauƙi da buroshi mai laushi, ban da bilic, wanda ke raunana zaren. Wanda yake da bango mai ƙarfi a ɓangarori biyu ko uku, kuma inuwa yake nema ba mafakar ruwa ba, zai ji daɗin wannan rumfa. Ɗan haya da ba shi da izinin huda bango, babbar laima mai gindi mai nauyi ta fi masa. Wanda ya kafa rumfar kuma ya sa ƙugiya mai buɗewa a kusurwa ɗaya, domin a iya sauke yadin cikin 'yan mintuna idan hadari mai iska ya taso.