Sharhi kan MLQ, sikelin tambayoyi goma na auna ma'anar rayuwa

Takardar tambayoyin da ake kira MLQ (Meaning in Life Questionnaire, wato tambayoyin ma'anar rayuwa), wadda masanin halayyar ɗan'adam Michael Steger da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2006, tana cikin ma'aunan da masu bincike suka fi dogaro da su idan suna son sanin ko mutum yana jin rayuwarsa tana da ma'ana. Jimloli goma ne kacal, kuma a gaban kowace sai mai amsawa ya zaɓi lamba daga 1, wato sam ba haka ba ne, zuwa 7, wato haka yake ƙwarai. Da na zauna na cike ta, ko minti biyar ban yi ba, abin da ya sa ta fi tsohon ma'aunin Crumbaugh da Maholick na 1964 mai tambayoyi 20 sauƙin sarrafawa.

Babbar hikimarta ita ce raba samun ma'ana da neman ma'ana. Jimloli biyar suna auna ko mutum yana ganin ya fahimci manufar rayuwarsa, sauran biyar kuma suna auna ko har yanzu yana kan nema, kowane ɓangare da makinsa daga 5 zuwa 35. Jimla ta tara an juya ta da gangan, domin cewa take yi rayuwar mutum ba ta da wata manufa bayyananna, kuma wanda ya saba danna 6 da 7 ba tare da karantawa ba a nan yake tuntuɓe. Na yaba da wannan dabarar, duk da cewa jimlar kore irin wannan takan rikita mai karatu idan an fassara ta zuwa wani harshe.

Inda sikelin ya fara nuna rauni shi ne idan aka tsallaka da shi daga wata al'umma zuwa wata. Steger da kansa, tare da masu bincike na Japan, ya gwada ta a kan ɗalibai a 2008, inda Amurkawa suka fi nuna sun sami ma'ana, Japanawa kuma suka fi nuna suna nema. Abin lura shi ne a Amurka yawan nema yana tafiya da ƙarancin samu, alhali a Japan su biyun tare suke tafiya, wato neman bai zama alamar rashi ba. Ke nan maki 28 a ɓangaren nema yana iya nufin damuwa a wuri ɗaya, ya nufi lafiyayyen tunani a wani. A kan wannan kuma ga bambancin yadda mutane suke amsa tambaya, domin an daɗe da gano cewa masu amsawa a gabashin Asiya sun fi karkata ga lambobin tsakiya, Amurkawa kuwa ba sa jin nauyin zaɓar na gefe kamar 1 ko 7.

Sannan takardar ba ta tambayar mutum abin da yake ba rayuwarsa ma'ana, an bar wannan a buɗe don kada a cusa wa kowa fahimtar wani. Niyyar tana da kyau, amma tana ɓoye abin da ya fi muhimmanci a kwatanci. Lokacin da masana halayyar ɗan'adam Shigehiro Oishi da Ed Diener suka duba bayanan da kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup ya tattara a ƙasashe 132, sun tarar mazauna ƙasashe matalauta sun fi na masu arziki jin rayuwarsu tana da ma'ana, kuma riƙo da addini ne ya bayyana kaso mai yawa na tazarar. Binciken cibiyar nazari ta Pew da ke Amurka na 2021 a ƙasashe 17 masu ci gaba, wanda ya bar mutane su amsa da bakinsu, ya nuna iyali ne kan gaba a 14 daga cikinsu, yayin da wadatar abin duniya ta zo ta farko a Koriya ta Kudu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwan da ke ba rayuwa ma'ana da MLQ za ta iya nunawa.

Ga malamin ba da shawara ko ɗalibin da ke bibiyar mutane iri ɗaya na tsawon watanni, ina ganin ta cancanci a yi amfani da ita, musamman tunda kyauta ce ga masu bincike da masu koyarwa. Wanda ke son jera ƙasashe daga sama zuwa ƙasa da makinta kuwa, sai ya haɗa ta da tambaya buɗaɗɗiya irin ta Pew, ya kuma tabbatar fassararsa tana auna abu ɗaya a duk harsunan kafin ya kwatanta.