Masar Safe a Wata Rumfa Kusa da Kasuwar Wunti

Masa ba ta rufa wa mai yin ta asiri, domin duk wanda ya saba cin ta yakan gane tun daga lomar farko ko an bar ƙullun ya kwana ya tashi da kansa, ko kuwa an labta masa yisti ne don a samu a fita da wuri. Da wannan ma'auni na auna wata rumfar masa da ke kusa da kasuwar Wunti a cikin garin Bauchi, inda na daɗe ina karya kumallo duk ranar da aiki ya fitar da ni da sassafe. Masar Bauchi ta yi sunan da har a Abuja da Jos za ka ga masu sana'ar suna jingina tasu da garin don jan ciniki, saboda haka wanda ke toya ta a cikin Bauchi ba shi da uzuri idan ya yi sakaci, kuma mai wannan rumfa ba ta yi ba.

Dattijuwa ce da kowa ke kira Inna, tare da 'yan mata da ke taya ta zuba miya da wanke kwanuka. Da shinkafar tuwo take aiki. Tana jiƙa ta tun da rana, ta dafa wani kaso daga ciki ta haɗa da ɗanyar, a kai inji a markaɗo, sannan a rufe ƙullun ya kwana. Da asuba ne take yanka albasa a ciki, ta sa gishiri da ɗan sukari da ruwan kanwa daidai yadda zai rage tsami ba tare da ya kashe shi gaba ɗaya ba. Wannan ɗan tsamin da ke saura a bayan harshe shi ne abin da na fi daraja a masarta, kuma shi ne abin da ya ɓace a wurare da yawa, inda sukari ya rinjayi komai har masa ta tashi daga abincin da ake ci da miya ta koma kayan zaƙi.

Har yanzu tandar ƙasa take ɗorawa a kan murhun itace, ko da yake masu sana'ar da dama sun koma ta ƙarfe. Wanda ya zauna a bencin da ke kusa da wutar zai ga yadda take ɗiga man gyaɗa a kowane gurbi, ta bi shi da ludayi ɗaya na ƙullu, ta dakata har sai ƙananan ƙofofi sun fara buɗewa a saman kafin ta sa bakin cokali ta juya. Masar kan fito da gefe ja mai ɗan ƙarfi, wanda ke ƙara a haƙori, cikinta kuwa fari ne sol mai huji-huji kamar saƙar zuma, shi ya sa take shan miya ba tare da ta dagargaje ba. Idan mutum ya matsa mata ta kwashe, abin da take cewa shi ne, “Malam, ka ɗan ƙara haƙuri, cikin bai nuna ba tukuna,” kuma ba ta kwashewa sai ya nuna, komai tsawon layi.

Miyar taushenta ta cancanci yabo nata na daban. Kabewar ta narke sosai, niƙaƙƙiyar gyaɗa ta ba ta kauri ba tare da ta yi nauyi a ciki ba, alayyafo da 'yar yakuwa suna nan da korensu domin a ƙarshe ake zuba su, ƙamshin daddawa kuma yana fitowa ba tare da ya danne na tattasai da attarugu ba. Akwai kayan ciki da ganda ga mai so, kuma gandar takan yi laushi, alamar an ba ta wuta tun dare. Cokali ɗaya na soyayyen man shanu a kai yana ƙara kuɗi kaɗan, amma a ganina da shi ne abincin ke cika. Yajin ƙuli da man gyaɗa, wanda wasu suka fi so a kan miya, bai burge ni ba a nan, saboda gishirinsa ya yi yawa, ƙulin kuma ya yi kaɗan.

Batun farashi ba ya rabuwa da halin da ƙasa ta shiga tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da shinkafa da man gyaɗa da kuɗin markaɗe suka tashi tare. Masu masa da dama sun zaɓi su ƙanƙantar da ita, ko su gauraya ƙullun da abin da ya fi araha, don kada su faɗa wa mai saye cewa kuɗi ya ƙaru. Inna ta ƙara kuɗi a fili, ta bar masarta da girmanta da shinkafarta, kuma ina ganin hakan ya fi adalci, domin mai saye ya san abin da ya biya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023 ta fara karɓar tiransifa, lambar asusun tana manne a jikin ginshiƙin rumfar, sai dai gara mutum ya riƙe kuɗi a hannu saboda ranar da sabis ya ƙi.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne tsafta. Roba ɗaya ce ake ajiyewa da ruwa kowa ya tsoma hannu, kuma kafin rana ta ɗaga ruwan ya sauya launi. Kwanukan ma a cikin ruwa ɗaya ake ɗauraye su na tsawon lokaci kafin a canza. Wanda ya ga yadda kwalara ta yi ɓarna a jihar Bauchi a daminar 2021 ba zai ɗauki wannan da wasa ba, musamman ga abincin da ake ci da hannu, kuma wanda iyaye ke aiko yara su saya wa gida duka. Gyaran ba shi da tsada: buta biyu da sabulu, a riƙa zuba wa mutum ruwa yana gangarewa ƙasa, sai robar ɗauraya ta biyu. Na yi mata maganar cikin ladabi, ta karɓa da fara'a har ta ajiye buta, amma robar tana nan a gefe, mutane kuma sun fi saurin kai hannu gare ta. Kwatar da ke bayan rumfar ita ma tana jawo ƙudaje da zarar rana ta yi zafi, ko da yake wannan ya fi ƙarfin mace ɗaya.

Akwai kuma jira. Masu aiko da kula a cika musu ta gidan suna ko ta ofis sukan cinye zubi bayan zubi, mai son 'yan kaɗan yana zaune hayaƙi na shiga masa ido. Da za a ware tanda ɗaya don masu ci a wurin, da an rage wannan.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga bayan sallar asuba zuwa wajen ƙarfe takwas, domin a lokacin ƙullun bai zarce da tsami ba, man bai ƙone ba, ruwan wanke hannu kuma sabo ne. Wanda zai tafi da ita gida ya zo da kwanonsa mai murfi, miya kuma a mazubi daban, saboda idan aka ƙulle masa mai zafi a leda gumi take yi, gefen nan mai ƙarfi ya saki kafin a isa gida, zuba tafasasshiyar miya a leda kuwa ba abu ne da ya kamata a ci gaba da yi ba.